Faranti na Goma

Mun iso Sabaya da la'asar sakaliya,
ni da Fermina Callisaya, da tsani, da farantin sola goma
a bayan motar da ke tari tun daga Oruro.
Can nesa tafkin gishiri ya yi fari fat.
Lama, raƙuman nan marasa tozo,
suna taunar ciyawa suna mana kallon raini.

Dattijo Anacleto ya ƙirga farantan da yatsa, sau biyu.
Kuɗin kinuwar ƙauye ne, na kaka biyu cur,
don firjin asibiti ya daina mutuwa cikin dare
da allurar jarirai a cikinsa.

Ni kuwa tuni na gama lissafi a tafin hannu:
kowane faranti bolt arba'in da takwas,
goma a jere, ɗari huɗu da tamanin.
Inbata ta ce iyakarta ɗari biyar.
Har da canji, na ce, na ɗauko waya.

Fermina ba ta ko ɗago ba.
Ta durƙusa gaban 'yar takardar nan
da aka manna a haƙarƙarin inbata,
tana bin ta da farce, layi-layi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Arba'in da takwas ɗin nan naka, in ji ta,
a ɗakin gwaji aka auna shi, cikin ɗumi,
digiri ashirin da biyar,
inda ba wanda ya taɓa kwana a Sabaya.
Tambayi dattijo yadda asubar Yuli take.

Anacleto ya gyara bargo.
Ruwan bokiti kan wayi gari dutse, ya ce,
ashirin ƙasa da sifili.

To faranti ba mutum ba ne, Nemesio,
sanyi ba ya kanannaɗe shi, ƙara masa ƙarfi yake yi.
In hasken farko ya taɓa gilashin da ya kwana a ƙanƙara
kowanne zai miƙe ya kai hamsin da huɗu.
Ninka.

Na ninka.
Ɗari biyar da arba'in.
Sai na ji ƙaurin gobarar da ba ta tashi ba tukuna.

Tara, ta ce.
Kuma kada tsoro ya sa ka mayar da su uku.
Dubi layi na ƙasa: in ba a kai ɗari da ashirin ba
inbata ba ta farkawa,
ga shi da tsakar rana, in rufi ya ɗau zafi,
bolt kan yi laƙwas.
Tsakanin rufi da daɓe za ka zauna.
Amfiya kuma nata layin daban:
jere ba ya ƙara ta,
sai ka haɗa layi biyu kafaɗa da kafaɗa.

Goma muka biya, in ji Anacleto.
Bai ɗaga murya ba, ya dai dafa na goman
kamar ɗan da aka hana shiga makaranta.
Fermina ta daɗe tana kallon hannunsa.
Sannan ta tambaya:
ungozoma, in an kira ta da dare, da me take gani?

Da asuba na hau rufi, yatsuna ba nawa ba.
Rana ta leƙo ta bayan dutse,
mita ta yi tsalle a hannuna,
ɗari huɗu da saba'in, da tamanin,
da tamanin da uku,
ta tsaya.
Ƙarƙashin ƙafata firji ya soma gurnani.

Na goman yana kan ɗakin Doña Eulalia yanzu,
shi kaɗai, da ɗan batirinsa da ƙwan fitila biyu.
Mun bar dattijo a ƙofar yana kunnawa yana kashewa.

A mota Fermina ta miƙo mini shayin koka,
ta kama tafin hannuna,
ta goge lissafin jiya da babban yatsa.