Riga Huɗu, Hanji Ɗaya

Ni ne mai fenti a garejin gwamnati, bayan Tashan Dukku.
Shekara sha bakwai ina riƙe da bindigar feshi,
huhuna ya san kalar kowace jam'iyya.

Zo ka ga bas mai lamba sha huɗu.
Sa farce ka kankare nan, kusa da ƙofa:
shuɗi ne a sama,
ƙarƙashinsa kore, ƙarƙashin kore ja,
can ƙasa farin da ta sauka da shi daga jirgi.
Riga bisa riga, ni na yi ta sa mata,
hanjinta kuwa ko sau ɗaya ba a duba ba.

Yila bakanike ya rubuta takarda tun bara waccan,
yana neman taya shida, da giya, da birki.
Takarda ta hau bene, ta sha hatimi,
ta kwanta a fayil tana jiran kasafi.
Kasafi ya zo ya wuce kamar bai san ta ba.
Sai da ya rage wata uku a jefa ƙuri'a
kuɗi suka gangaro kamar ruwan Agusta a kwari.
Yila ya miƙe yana goge hannu.
Aka ce zauna, na fenti ne,
da na hoton mai gida da za a manna a baya.

Ranar buɗewa an jera goma a Pantami,
ga kalangu, ga almakashi a faranti.
Uku daga ciki da igiya muka ja su cikin dare.
Suka tsaya suna sheƙi,
ba wanda ya ce a tayar a ji.

Sati biyu kuɗin mota ya koma rabi.
Laraba, mai shara a asibiti,
ta shigo daga Tunfure tana sa albarka,
har ta sai wa ɗanta takalmi da ragowar canji.
Sati na uku aka kwashe motocin kaf,
a kai jama'a gangami Kumo da Bajoga.
Ta tsaya a bakin titi tun asuba,
ta hau keke da kuɗin cefane,
ta tarar an ja layi a ƙarƙashin sunanta.

Aka ƙirga, aka yi guɗa, aka rantsar.
Manajan da ya san kowane rami daga Bolari zuwa Arawa
ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ofis.
Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, na yarda,
shi ya raba taliya da atamfa a mazaɓarsu,
amma ya tambaye ni ko bas tana shan fetur.
Aka naɗa kwamiti ya binciki na jiya.
Wata huɗu albashi yana gaban kwamiti.
Unguwar da akwatinta bai yi daɗi ba
aka ce hanyarta ba ta kawo riba.

Yanzu kaza na ƙwai a kujerar direban lamba tara.
Yila yana cire hantar wannan ya dasa wa waccan,
da haka huɗu suke fita, biyu su dawo da ƙafarsu.

Jiya an sauke gwangwani goma, ruwan ɗorawa,
wai sabuwar tafiya, sabuwar kala.
Na girgiza, na ji nauyinsu.
Yila yana tsaye, bai ce komai ba,
idonsa na kan gangaren da 'yan makaranta ke tsallakawa.

Tara na buɗe, na tsinka su da tina.
Na goman ya bi ta ƙofar baya zuwa kasuwa,
ya dawo a leda: takalmin birki, gaba da baya.
Kalar ta ɗan yi haske, mai gida ba zai lura ba.
In sata ce, Allah Ya gani.
Sha huɗu dai yau da safe ta tsaya inda aka ce ta tsaya.