Jinin Zoɓo

Ni ce mai wanki a bayan dandali,
can Iganmu, inda iskar gulbi ke shigowa da warin kifi.
Ba a tafa mini. Kaya ake miƙo mini.

Kowane dare mutum biyu ke mutuwa a wasan nan:
Jatau, sarkin ruwan da ya sayar da kogin garinsu,
da Tasalla, wadda ta ce masa kul,
ta sake cewa kul,
sannan ta zauna ta ƙirga kuɗin da hannunta.

A jikin katanga an manna takarda:
Faɗuwar Jatau.
Sunansa kamar raƙumi.
Nata sai ka durƙusa, ka kanne ido.

Na lissafa, don zaman jiran ruwan famfo ya koya mini lissafi:
sau ɗari biyu da tara yake buɗe baki,
ita ɗari biyu da shida.
Ukun da suka rage shiru ne,
a nan kuwa na ga ƙato yana share ido da hula.

Oga Kunle ya ce kai ɗaya ake naɗa wa rawani,
suna ɗaya ke sayar da tikiti.
Na ce, ranka ya daɗe, makara biyu ake fitarwa.
Ya ce in kula da sabulu.

Ran Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya,
danfo ta maƙale da ita a Oshodi.
Jatau ya fito shi kaɗai, ya yi ta ruri
a gaban kujera 'yar tsugunno.
Babu mai ce masa kul.
Laifinsa ya rasa madubi,
mutuwarsa ta zo, wani yaro ya tuntsire da dariya.

Yanzu dare ya raba. Janareta ya yi tari ya mutu.
Ga rigarsa, ga zanenta, bahon roba ɗaya.
Shi sau ɗaya yake faɗuwa, tabonsa ɗaya, a ƙirji.
Ita rarrafe take yi har bakin labule,
gwiwa, haɓa, gefen zane, duk sai na cuɗa.

Jinin dai zoɓo ne, ni na dafa shi da la'asar.
Na zuba ruwan a kwata,
ya bi ƙarƙashin gada, ja wur.
Je ka tace shi, Oga,
ka nuna mini na jarumin.