Ƙorafin Maɗorin Ƙofar Gayan

Ni ne Jatau, maɗorin Ƙofar Gayan,
gadon ubana na riƙe tun ban yi gemu ba.
Karan dawa, man shanu, tsumma fari,
su ke nan kayan aikina,
sai hannun nan biyu da tsufa ya fara lasa.

Da can, in la'asar ta yi sanyi, zaurena cika yake.
Wannan ya zamo daga kan ganuwa,
wancan langa ta kayar da shi, yana dafe da gwiwa.
Ga Talle, mai targaɗe uku a damina ɗaya,
ina ja yana ihu, idonsa kuwa yana kan fili,
hawaye bai bushe ba zai ce,
"Baba, gobe zan iya komawa wasa?"

Tallen nan yau jikokinsa shida,
da ƙafa yake zuwa Tudun Wada ya dawo,
buhun masara shi kaɗai yake cira bisa.

Yanzu fa? Makon jiya aka kawo mini Nazifi,
ɗan shekara tara, wai wuyansa ya ƙage.
Na lalube shi daga ƙeya har diddige,
babu karaya, babu gocewar ƙashi.
Gwiwarsa sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare,
ko tabo ɗaya babu, sai tausayinsa ya kama ni.
Na ce, "In an taso makaranta me kake yi?"
Ya nuna mini waya, bai ko ɗago kai ba.
Babban yatsa kaɗai ke tsere,
sauran jikin duk an jibge shi a ƙasa.

Uwarsa ta ce, "Tsoron babura nake, Malam,
ga titi, ga kwata a buɗe, ga zamani ya sauya."
Gaskiyarki, Balaraba, ban musa ba.
Amma ruwan da ya kwana a kasko shi ke tara sauro,
ƙyauren da ba a buɗewa shi tsatsa ke ci.
Dubi rimayen garin nan da kika taso kika tarar,
sai da iska ta yi ta jijjiga su
sannan saiwarsu ta yi nisa.

Kada ku ce maɗori ciniki yake nema.
In ba a karye ba har in mutu, na gode Allah.
Ƙujewa nake so in gani, da ƙura a ƙafa,
da yaron da haki ya hana shi gama gaisuwa.

To, yaran Kwarbai, na Kusfa, na Anguwar Juma,
ku zana 'yar gala-gala da gawayi a tsakar gida.
Tsohuwar taya tana jingine a bango tana jiran mai kora ta.
Ƙwallon tsumma ma ƙwallo ce, duwatsu biyu sun isa raga.
Rumasa'u, kwance igiyar shanya ki yi tsalle,
ki ƙirga har ɗari, in ta harɗe ki, ki sake,
in yayanki ya yi miki dariya, ja shi gasa.

Ku yi gumi har riga ta manne a baya,
tuwo zai yi daɗi ko miya ba nama,
barci ya kwashe ku tun dare bai yi nisa ba,
gari ya waye ku ji allo da littafi sun matso kusa.

Jiya da yamma na tsuguna zan yi alwala,
sai ga ƙwallo ta faɗo zaure, ta yi ciki da butata,
ta ƙasa ce, mun fi shekara goma tare.
Wa zan gani a bakin ƙofa? Nazifi,
yana haki, gwiwa ta ɗaye, jini kaɗan,
wuyan nan kuwa yana juyawa kamar na hazbiya,
yana neman hanyar gudu.
Na wanke masa ciwon, na ce, "Wannan bai kai aikina ba.
Kuɗin buta kuma, sai ranar da ka hau Kufena da ƙafarka."
Ban rufe baki ba ya suri ƙwallo ya fice.
Na zauna ina tsince gutsattsarin da ya fasa,
ina dariya ni kaɗai, har ladan ya kira salla,
sai da na ari butar maƙwabcina Isa.