Mai Ido Biyu

A bayan kasuwar Bur Sudan,
inda ƙarnin kifi ke karo da ƙamshin gahawa mai citta,
Amm Onur ya zaro ta daga ƙarƙashin kanta
a naɗe cikin tsohon rawani,
sannu sannu, kamar mai fito da jinjiri ranar suna.

Baƙa ce, mai kusurwa huɗu,
idanu biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Na sama shi ke gani, in ji shi,
na ƙasa shi ke riƙewa.
Fatarta ta ɗaye a gefe,
gishirin teku ya ci kan kusoshinta,
igiyar wuyanta na warin gumin wani
da ban taɓa gaisawa da shi ba.

Na kai ta fuska, ya yi dariya.
Ba haka ba, ɗan Takari.
Wannan a cibiya ake riƙe ta.
Ka buɗe murfin, ka sunkuya.
Ba ta ba mai ɗaga kai komai.

Na sunkuya.
Sai ga titi a kwance cikin gilashi kamar ruwa a ƙoƙo,
mai amalanke ya nufi dama
alhali hagu ya nufa,
rana ta yi laushi,
har hankakan kan waya ya zama abin tausayi.

Ta ƙanensa ce, Hamad.
Shekara talatin yana bakin tashar jirgin ruwa
yana ɗaukar masu haye teku,
wasu da harami, wasu da akwatin kwano,
ka tsaya, kar ka ƙifta, Allah ya kai lafiya.
Na so in ce kakana ma ta nan ya bi,
da ƙafa tun daga Haɗeja.
Na haɗiye, don kar kuɗi su hau.

Na taya, ya ce yiftahallah.
Albarkar mutanen nan ke nan.
Na ƙara, ya zuba min gahawa.
Na tashi, ya bar ni har bakin ƙofa
kafin ya kira ni da sunan da ba nawa ba.

Sai da na ƙirga masa kuɗin
muka lura da 'yar tagar lamba a gefe:
tara.
Akwai fim a ciki.
Takwas Hamad ya ɗauka, ya rufe, ya kwanta jinya.
Saura huɗu.

Tsohon ya daɗe bai ce uffan ba.
Na miƙa masa ita, ya ture hannuna.
Ciniki ya faɗa, ya ce.
In ka wanke, in da fuskar da na sani,
ka biyo ta nan.

Sannan ya gyara hula,
ya kakkaɓe tokar gawayi daga ƙirjin riga,
ya tsaya a ƙofar shago, hannu biyu a gefe,
irin tsayuwar masu shirin shiga jirgi.

Na sunkuya.
Na ce kar ka ƙifta.
Ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinke ba.
Na murɗa hannun,
goma ta leƙo.