Ɗinki Biyu

Ni ce mai tafasa almakashi
a asibitin gado tara, can ƙwanƙolin tsaunukan Andes,
inda numfashi ke tsada,
gajimare ke kwana a bakin ƙofa kamar kare.
Shekara goma sha ɗaya ina miƙa wa Dakta Eleuterio wuƙa,
na san hannunsa fiye da fuskarsa.

Da rana yanka yake yi.
Ƙaba, sukan ƙahon sa, haihuwar da ta zo da gardama,
ƙafar mahaƙin azurfa da dutse ya tauna ya tofar.
In janareta ya yi tari ya mutu
sai in cije tocila da haƙora,
ya ce, "Matso, Bernardina,
jini ba ya jiran a sayo mai."

Da dare rubutu yake yi,
a bayan tsofaffin takardun sallama,
da safar hannu ta ulu mai yankakkun yatsu.
Biro ɗaya ne:
shi ke rubuta "ya cika ƙarfe huɗu da kwata,"
shi ke rubuta "sai ta buɗe taga, ta ga tafki."
Littattafai uku ya buga a birni.
Nan garin ba wanda ya saya,
sun dai san shi ne mai ɗinki ba tabo.

Sai shekarar da gada ta karye.
Aka kawo Melitón Yucra bisa alfadari,
kwana biyu a hanya, hanji ya riga ya fashe.
Muka buɗe, muka wanke, muka sake wankewa.
Da asuba ya tafi, yatsuna na kan jijiyarsa.
Dakta ya rufe cikin da ɗinki mafi kyau da na taɓa gani,
ɗinkin da ba zai warke ba.
Na ce masa, "Bakin alƙalami ya bushe."
Ya dube ni bai tanka ba.
Daren nan na ji kujerarsa tana ƙara har wayewar gari.

A littafi na huɗu gadar ba ta karye ba.
Melitón ya iso da hantsi, yana zagin alfadarin,
ya farka ya nemi miya,
ya rayu shafi ɗari biyu da sittin,
har ya aurar da 'ya, har ya yi furfura, har ya ci bashi bai biya ba.

Wata Lahadi matarsa Asunta ta sauko daga tudu,
goye da buhun busasshen dankali.
Ba ta karatu. Ta ce an gaya mata mijinta na cikin takarda.
Dakta, wanda bai taɓa rawar hannu kan buɗaɗɗen ciki ba,
takarda na kaɗawa a hannunsa kamar ganye.
Ya karanta mata har rana ta faɗa bayan dutse.

Ta yi shiru, tana murza bakin bargonta.
Sannan ta ce, "Ka yi ƙoƙari.
Amma ka sa ya ce mini na gode.
Shekara talatin bai taɓa faɗa ba.
Shi dai ya ajiye mini itace a bakin murhu ya wuce.
Cire wannan."

Ya cire.
Na ga yadda ya ja layi a kan kalmar,
a hankali, yadda yake zare zare daga fatar yaro.
Ya rubuta itacen.
Ta ce, "Yawwa. Yanzu shi ne."
Ta ajiye buhun, ta kama hanya tun kafin duhu.

Ƙarfe tara aka buga ƙofa,
wata yarinya ta faɗo daga kan rufi.
Ya rufe biro, ya wanke hannu har gwiwa.
Na ɗora ruwa.