Zare Uku a Kara ta Bukuru

Ƙarfe shida, sanyi ya kama yatsu,
Gidado ya ja bunajinsa har bakin rumfa.
Wata biyu ba ta tuƙa,
ciki ya zama ganga,
haƙarƙari kuwa daga titi ma sai ka ƙirga.

Na tsaga kwiɓin hagu tana tsaye.
Kangyang ta riƙe tocila, tana numfashi ta baki.
Leda muka yi ta ja, baƙa da fara,
igiyar buhu, rabin silifas ɗin wani yaro,
sai da bokiti biyu suka cika.
Gidado ya leƙa, ya ce,
"Likita, ashe kasuwa ta haɗiye."

Sai ɗinki.

Na farko daga hanjin tunkiya aka murzo shi.
Da shi na kalmashe tumbi, layi bisa layi,
don ko ɗigo kada ya tsira.
Wannan ba a komawa neman sa.
Zai riƙe amana 'yan makonni,
nama na kama nama, ya narke,
ba sallama, ba a gode masa.
Tunkiyar da aka ci da salla
ga ta tana ɗinke cikin saniya.

Na biyu kitsattse ne, na kamfani,
na sayo a Taminus, har na yi tsaki kan kuɗinsa.
Shi na ba tsoka, mai ɗaukar nauyi
duk sanda ta durƙusa ko ta miƙe.
Shi ma zai tafi, amma ba ya gaggawa.

Fata kuwa sai nailan,
mai taurin kai, santsi gare shi,
ba ya shan ruwa, ba ya gayyatar mugunya.
Ƙulli goma sha ɗaya, kowa zaman kansa,
in ƙuda ko ƙaya sun kwance ɗaya
goma na nan.

Waya na bari a akwati, ta ƙashin karnukan Rayfield ce.
Siliki ma na bari,
yana jan danshi kamar lagwani.
Amma na taɓa shi da ɗan yatsa,
don da irinsa babana ya ci abinci a Dilimi,
shekara talatin yana zana aska a wuyan riga.
Yakan ce ɗinki na ƙwarai
daga nesa ake gane shi.
Baba, nawa na ƙwarai
yana cikin duhu, ba mai ganinsa,
ni ma ba zan ƙara gani ba.

Kwana goma sha huɗu, suka dawo cikin yayyafi.
Na bi ƙulli da almakashi, ɗaya ɗaya.
Tana tuƙa, ba ta ko kalle ni ba.
Gidado ya miƙo kindirmo a ƙulle cikin leda,
kafin in karɓa
ta miƙo harshe.