Inda Sabis Yake Kwana

Belmiro ya gina gidan nan da dutse,
kaurin bango kamu biyu da ɗan yatsa.
Ya ce sanyi ba zai shigo ba, ya yi gaskiya.
Bai san da ranar da muryar ɗansa
za ta zo bakin ƙofa ta rasa hanya ba.

Ni ce Deolinda, saba'in da uku,
a gindin kwari, bayan tsaunukan Bragança.
Amílcar na Luksambag yana ɗora bulo kan bulo,
ya aiko waya a kwali, ya ce: Mama, zaɓi layi.

Na bi motar Talata zuwa birni.
Shago uku a jere, kowa da launinsa,
mai ja, mai shuɗi, mai ruwan lemo.
Yaron mai ja ya shimfiɗa taswira,
Fotugal duk ta yi ja kamar an ɓarar da ruwan inabi.
Na ce, nuna mini gidana.
Ya ɗora yatsa, yatsan ya rufe ƙauyen ɗungum.
Ya ce, kina ciki, Kaka.
Na sa hannu, shekara biyu.

Na dawo, na zauna a kicin.
Ko tsinke babu.
Na ɗaga wayar kamar mai nuna wa sama rasit.
Na kai ta taga, na kai ta bayan murhu,
na hau tebur gwiwa na ƙara,
na jefa ta a tukunyar ƙarfe, don Graciete
ta ce jikanta ya ce haka ake janyo shi.
Tukunya shiru, waya shiru.

Na gwada mai shuɗi, ya fi arha da Yuro uku.
Shi kan leƙo da asuba in iska ta taso daga Sifen,
ya yi mini barka da zuwa wata ƙasa,
ya zare kuɗin baƙunta ina kan gadona.
Mai ruwan lemo ya ce a kafa akwati a gida,
akwatin kuwa sai da igiyar intanet,
igiyar kuwa tun bara ta iso gada,
ta dubi hanyarmu, ta ce a kai kasuwa.

Na kira su da wayar kantin Abílio.
Kiɗa, kiɗa, can sai murya mai zaƙi:
Tsarinmu ya nuna kina da sabis.
Na ce, 'yata, turo tsarin naku ya sha kofi,
ya nuna mini lungun da abin ya ɓuya.

Ranar tunawa da mamata
na ɗauki furanni da bokiti na hau tudu
in wanke dutsen kabarin Belmiro.
Ina cikin gugar, aljihu ya kama rawa.
Tsinke huɗu cif.
Mama? Mama! Sau nawa ina kira!
Na zauna gefen ubansa, soso na ɗiga a hannu,
ya ba ni labarin haƙorin 'yarsa na fari,
da tsadar haya, da ruwan da ba ya ɗaukewa.

Mutumin da muka yi shekara arba'in
bai cika magana goma a yini ba,
yau a wurinsa nake jin duniya.

Yanzu duk Lahadi, ƙarfe huɗu,
nakan hau da 'yar kujera da bargo.
Graciete na can jere na uku, kan surukarta
da ba su taɓa ga maciji ba, tana dariya da Faransa.
Firmino mai awaki ya jingina da itacen zaitun
yana cinikin cuku da wani a Porto.
Fada ya ce bai taɓa ganin ƙauye
mai kula da mamatansa kamar namu ba.
Ba wanda ya gyara masa.

Layin ja na riƙe, ba don ya fi ba,
saura wata goma sha tara a takarda.
Jiya Amílcar ya ce in sayar da gidan,
in koma birni inda waya ke ƙara a ɗaki.
Na ce ban ji ba, sabis na yankewa.
Tsinke huɗu ne a lokacin.
Belmiro ya sani, bai ce uffan ba.